Kora, kwamfuta ko kotu: wace hanyar yaƙi da rashawa ta yi aiki bayan faɗuwar kwaminisanci?

Ƙasashen da suka fito daga mulkin kwaminisanci tsakanin 1989 da 1991 sun tashi da gado kusan iri ɗaya. Masana'antu da filaye da gidaje duk suna hannun gwamnati, albashin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata, alƙali ya saba jiran waya daga ofishin jam'iyya kafin ya yanke hukunci, talaka kuma ya san ba a samun komai sai da sanayya. Bayan shekara talatin da 'yan kai sun yi hannun riga da juna. A ma'aunin ƙungiyar Transparency International na 2024, inda maki 100 ke nufin tsabta, Istoniya ta samu 76, Jojiya 53, Romaniya 46, Albaniya 42, Yukren 35, Rasha 22.

Babu wadda ba ta da doka a rubuce. Rasha ma ta yi dokar yaƙi da cin hanci a 2008, ta wajabta wa jami'ai bayyana kadarorinsu, ta buɗe shafin kwangiloli a intanet, amma ga ta can ƙasan jeri. Don haka wanda aka ɗora wa nauyin zaɓar hanya, ɗan majalisa ne ko mai ba gwamnati shawara ko ƙungiyar farar hula mai neman inda za ta matsa lamba, kwatanta dokoki ba zai ƙare shi da komai ba. Abin dubawa shi ne matakin da kowace ƙasa ta fara da shi, me ya ci mata, a ina kuma ya cije. Shi kansa ma'aunin a ɗauke shi da taka-tsantsan, domin ra'ayin masana da 'yan kasuwa yake aunawa, ba ya ƙirga kuɗin da aka sace.

Kafin a shiga zaɓi, dole a raba cuta biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai ta ƙasa: na goro a shingen 'yan sanda, a ofishin lasisi, a asibiti, a wurin neman gurbin jami'a. Akwai ta sama: kwangilar da aka tsara wa mutum ɗaya, bankin da aka kwashe, dokar da aka rubuta don kamfani guda, kotun da ke hannun wani attajiri. Kusan duk hanyar da aka gwada ta fi ƙarfi a kan ɗaya daga cikin biyun.

Jojiya: kora da rushe tebur

A ƙarshen mulkin shugaban ƙasa Eduard Shevardnadze, ɗan sandan hanya a Jojiya sayen gurbinsa yake yi da dubban daloli, sannan ya fito titi ya fanshe daga aljihun direbobi yana miƙa wa na sama kasonsu. Jami'a da kuɗi ake shiga. Fansho sai an ga dama, wutar lantarki ma haka. Bayan juyin juya halin Nuwamba 2003, Mikheil Saakashvili ya lashe zaɓen Janairun 2004 da ƙuri'a sama da kashi 90 cikin 100, kuma bai bari farin jinin ya huce ba.

A tsakiyar 2004 aka sallami 'yan sandan hanya kusan 16,000 a tashi ɗaya, ƙasar ta yi makonni babu mai tsayar da mota. Korar ce ta yi suna a duniya, amma abin da aka yi bayanta ne ya hana halin dawowa. Sababbin da aka ɗauka ta hanyar jarrabawa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka kora ba, shi ya sa kuɗi ya isa a ninka albashi kusan sau goma. An hana ɗan sanda taɓa kuɗin tara. Takarda yake rubutawa, direba ya je banki ya biya. An riƙa tura jami'ai cikin farin kaya suna karya dokar hanya da gangan suna miƙa toshiyar baki, wanda ya karɓa ya tafi gidan yari. Matakan nan a ɗaure suke da juna. Ƙarin albashi ba tare da sa ido ba, ma'aikaci zai haɗa biyu ya ci. Sa ido ba tare da albashin da zai riƙe gida ba, kame ba zai ƙare ba.

Ɓangare na biyu na Kakha Bendukidze ne, wanda aka ba ma'aikatar tattalin arziki a 2004. Hujjarsa ita ce duk inda ɗan ƙasa zai tsaya gaban tebur yana neman sa hannu, an buɗe kasuwar cin hanci, don haka a rage teburan. A 2005 aka soke sama da kashi 80 cikin 100 na lasisi da takardun izini. Waɗanda suka rage aka sa musu wa'adi: idan ofis bai ba da amsa cikin kwanakin da doka ta yanka ba, a ɗauka ya amince. Nau'o'in haraji suka sauka daga 21 zuwa 7, kuɗin da ake tarawa kuma ya tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara zuwa wajen kashi 25. A shekarar ce aka ƙwace jarrabawar shiga jami'a daga hannun jami'o'i aka mai da ita ta ƙasa baki ɗaya. A Ingila aka buga takardun tambaya, aka maye sunan ɗalibi da lamba don kada mai maki ya san na wa yake dubawa, aka sa kyamara a zauren jarrabawa, iyaye suna tsaye a waje suna kallon 'ya'yansu a allon talabijin.

A kan cutar ƙasa, babu ƙasar da ta yi saurin Jojiya. Cikin 'yan shekaru, masu cewa sun ba da cin hanci a ofisoshin gwamnati suka koma 'yan ƙalilan.

Amma an biya da tsada. Wasu hukumomin da aka rushe aikinsu na gaske ne: duba lafiyar motocin gida an dakatar da shi a 2004, bai dawo ba sai 2018. Mafi muni shi ne shari'a. An shigo da tsarin sasantawa da mai gabatar da ƙara, wanda ake zargi ya amsa laifi ya biya kuɗi a sake shi. A kotunan da ba sa wanke ko mutum ɗaya cikin ɗari, wannan ba ciniki ba ne, tilas ce. 'Yan kasuwa da dama daga baya sun ce tursasa su aka yi suka "kyautar" wa gwamnati da kadarorinsu. Fursunoni suka tashi daga kusan 6,000 zuwa wajen 24,000. A Satumban 2012 bidiyon azabtarwa a kurkukun Gldani ya fito, wata mai zuwa jam'iyyar Saakashvili ta faɗi zaɓe a hannun attajiri Bidzina Ivanishvili. Sabuwar gwamnati ta gaji kotu mai biyayya da ofishin gabatar da ƙara mai ƙarfin gaske, ta ci gaba da amfani da su. Har yau ɗan Jojiya yana karɓar fasfo ba tare da na goro ba, amma hukumar yaƙi da rashawa da aka kafa a 2022 firaminista aka ba ikon naɗa shugabanta.

Mai son bin wannan hanya ya duba ko yana da abin da Saakashvili ya samu: goyon bayan jama'a kusan baki ɗaya, majalisa a hannunsa, ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan huɗu da rabi. Yukren ta kwaikwayi tsarin a 2015, har ta ɗauko Eka Zguladze daga Jojiya ta kafa sababbin 'yan sandan sintiri. Amma da aka zo tantance sauran rundunar, waɗanda aka kora ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, da yawansu kuma kotu ta mai da su bakin aiki saboda ba a bi ƙa'idar sallama ba.

Istoniya: sharar fage kafin kwamfuta

An fi sanin Istoniya da gwamnatin intanet, kuma nan ake yin kuskure, a zaci sayen manhaja ne ya gyara ƙasar. Kwamfuta daga baya ta zo. Gwamnatin Mart Laar, wanda ya zama firaminista a 1992 yana da shekara 32, ta hau ne da alkawarin share fage. An cika ma'aikatu da matasan da ba su yi aiki a tsohon tsari ba, aka sake gina kotuna daga tushe da sababbin alƙalai masu yawa. Kuɗin ƙasa an ɗaure shi da na Jamus a 1992, babu damar buga takarda don ceto bankin wani. An soke kusan duk harajin shigo da kaya, abin da ya rage wa kwastam abin ciniki, a 1994 kuma aka sa harajin kuɗin shiga bai ɗaya, kashi 26 cikin 100. Manyan masana'antu an sayar da su ta hanyar tayi a fili, har da 'yan kasuwar waje, bisa tsarin da Jamus ta bi a yankinta na gabas. A Rasha kuwa, a 1995, 'yan tsirarun masu banki ne suka karɓi kamfanonin mai da ma'adinai a matsayin jinginar bashin da suka ba gwamnati. Daga nan attajiran da ke juya siyasa suka fito a can, a Istoniya kuma ba su samu gindin zama ba.

Sai a 2000 aka fara biyan haraji ta intanet, a 2001 tsarin X-Road, a 2002 katin shaida mai ƙwaƙwalwa. X-Road ba rumbu ɗaya ba ne da aka tara bayanan kowa. Kowace hukuma tana riƙe da nata, tsarin yana haɗa su ne kawai, kuma duk tambayar da wata hukuma ta yi wa wata tana barin sawu: wa ya tambaya, yaushe. Katin yana da lambobin sirri biyu, ɗaya ta shiga, ɗaya ta sa hannu, kuma sa hannun daidai yake da na biro a gaban kotu. Doka ta hana hukuma sake tambayar ɗan ƙasa bayanin da gwamnati ta riga ta mallaka. Wannan ƙa'ida ce ta kashe yawon "je ka kawo takarda kaza", wanda a ko'ina shi ne ƙofar na goro.

Wannan hanya ta fi kowace ɗorewa, ta kuma fi wuyar kwaikwayo. Mutanen ƙasar miliyan 1.3 ne, Finlan tana tsallaken ruwa kilomita 80, harsunansu kuma dangin juna ne. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba: dokar zama ɗan ƙasa ta hana mafi yawan masu jin Rashanci, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna, jefa ƙuri'a a 1992, abin da ya sauƙaƙa ture tsofaffin jami'ai amma ya bar ciwon da aka daɗe ana jinya. Tsabtar ofisoshi kuma ba ta hana ɓarna ta wata ƙofar ba. Tsakanin 2007 da 2015, kuɗi kusan yuro biliyan 200 daga ƙasashen waje, mafi yawansu abin zargi, sun ratsa ta reshen bankin Danske da ke Talin. A Janairun 2021 firaminista Jüri Ratas ya sauka saboda binciken da ya shafi jam'iyyarsa da wani aikin gini a bakin tashar jirgin ruwa. Sai dai binciken na cikin gida ne, kuma ya kai har kujerar firaminista.

Romaniya: a fara da manya

Romaniya ta zaɓi hukunci. Hukumarta ta yaƙi da rashawa, DNA, wadda aka kafa a 2002 aka sake mata fasali a 2005, an gina ta da wayo ta fuska biyu. Na farko, masu gabatar da ƙara da 'yan sandan bincike da ƙwararrun akanta duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke, fayil ba ya yawo tsakanin hukumomi inda za a iya ɓatar da shi ko a tsegunta wa mai shi. Na biyu, an yanka mata iyaka: cin hancin da ya wuce yuro 10,000, asarar da ta wuce yuro 200,000, ko kuma duk laifin rashawa na babban jami'i. Ƙananan ƙararraki na sauran ofisoshi ne. Hukumar da aka ce ta kama kowa, daga masinja har minista, masinjoji za ta ƙare da kamawa.

A bayanta akwai Tarayyar Turai, wadda ta karɓi Romaniya a 2007 bisa sharaɗin sa ido na musamman a kan shari'a, sa idon da bai ƙare ba sai 2023. A 2012 tsohon firaminista Adrian Năstase ya shiga kurkuku. A ƙarƙashin shugabar hukumar, Laura Codruța Kövesi, a 2015 kaɗai, an gurfanar da mutum sama da 1,250, ciki har da firaminista mai ci Victor Ponta, ministoci 5 da 'yan majalisa 21. A waɗancan shekarun, kusan tara cikin goma na ƙararrakin hukumar suna ƙarewa da samun wanda ake tuhuma da laifi.

To, ina aka samu matsala? Wuri huɗu.

Na farko, hanyar samun shaida. Hukumar ta dogara da hukumar leƙen asiri wajen sauraron wayoyi. A 2016 kotun tsarin mulki ta haramta hakan, a 2018 aka fallasa yarjejeniyoyin sirri tsakanin ɓangarorin biyu, sai masu cewa bita-da-ƙulli ake yi suka samu abin kamawa. Ponta kansa kotu ta wanke shi a 2018.

Na biyu, waɗanda ake tuhuma su ne ke rubuta doka. Daren 31 ga Janairun 2017 gwamnati ta fitar da dokar gaggawa da ke cire laifi daga amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba idan asarar ba ta kai lei (kuɗin ƙasar) 200,000 ba, adadin da kowa ya ga an auna shi da shari'ar shugaban jam'iyya mai mulki, Liviu Dragnea. Mutum wajen rabin miliyan suka fito titi cikin sanyin hunturu, aka janye dokar, Dragnea kuma ya shiga kurkuku a 2019. Amma abin da bai yiwu da dokar gaggawa ba ya yiwu ta hanyar shiru. Kotun tsarin mulki ta soke wani sashe na ƙa'idar wa'adin gurfanarwa a 2018, majalisa ta yi shekara huɗu ba ta gyara ba, zuwa 2022 dubban ƙararraki suka mutu don lokacinsu ya wuce.

Na uku, ikon tsige shugaban hukumar. Ministan shari'a ya nemi a cire Kövesi, shugaban ƙasa Klaus Iohannis ya ƙi, kotun tsarin mulki ta tilasta masa, ya sa hannu a Yulin 2018. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a 2020 an tauye mata haƙƙi, amma aikin gama ya gama.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: ɗaure minista ba ya gyara ofishin da ya bari. A Oktoban 2015, shekarar da DNA ta fi kowace kame, gobara ta tashi a gidan rawa na Colectiv a Bukares, wanda ke aiki ba tare da cikakken izinin hukumar kashe gobara ba. Mutum 64 suka mutu, da dama a asibiti bayan ƙwayoyin cuta sun shiga ƙunarsu. A 2016 aka gano cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta da wani kamfani ke sayar wa asibitocin gwamnati an tsarma shi. Makin Romaniya a ma'aunin nan ya yi shekara goma yana kai-kawo tsakanin 43 da 48.

Yukren: kowa ya ga komai

Bayan juyin 2014, masu neman gyara a Yukren sun san ba su da iko irin na Saakashvili, kotuna da majalisa kuma suna hannun attajirai. Sai suka bi ta gefe: su buɗe bayanai, su gina sababbin hukumomi kusa da tsofaffi.

ProZorro, tsarin ba da kwangilar gwamnati ta intanet, shi ne abin da ya fi cancanta a kwaikwaya. An gwada shi a 2015, ya zama dole a 2016 ga duk sayayyar kaya da ayyuka daga hiribniya (kuɗin ƙasar) 200,000, gine-gine kuma daga miliyan 1.5. Rumbun bayanan na gwamnati ne, amma kamfanoni masu zaman kansu da dama ne ke da shafukan shiga, ɗan kwangila ya zaɓi wanda ya ga dama, babu ƙofa ɗaya da wani jami'i zai tsare. Gwanjon zagaye uku ne, farashi yana sauka, masu tayi ba su san juna ba. Da an kammala, duk takardun kowa suna buɗewa ga kowa, har da na wanda ya faɗi. Shi kuwa wanda ya faɗi ya fi kowane mai bincike ƙwazon tono.

Hanyoyin zillewa sanannu ne, kuma mai ɗaukar tsarin ya shirya musu tun farko: daddatsa kwangila don kada ta kai adadin, rubuta sharuɗɗan da kamfani ɗaya kawai zai iya cikawa, karya farashi a gwanjo sannan a riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan da ƙarin yarjejeniya bayan sa hannu. Shi ya sa aka ƙara shafin Dozorro, inda ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ke nuna kwangilar da ke wari. Amfanin buɗewar ya fito fili lokacin da aka rufe ta saboda yaƙi: a Janairun 2023 wani ɗan jarida ya bankaɗo cewa ma'aikatar tsaro ta ƙulla sayen ƙwai a kan hiribniya 17 kowane ɗaya, alhali a kanti wajen 7 ne. Mataimakin minista ya sauka, aka kuma dawo da wallafa farashin abincin soja.

A 2016 jami'ai sama da 100,000 suka bayyana kadarorinsu a shafin da kowa ke iya buɗewa, jama'a suka ga 'yan majalisa masu ajiye miliyoyin daloli a gida. Amma gani ba hukunci ba ne. Hukumar bincike ta NABU da ofishin gabatar da ƙara na musamman sun fara aiki a 2015, fayilolinsu suka yi shekaru suna kwance a kotunan gargajiya. Sai a Satumban 2019 kotun yaƙi da rashawa ta musamman ta buɗe. Yadda aka zaɓi alƙalanta 38 shi ne darasin: ƙwararru shida daga ƙasashen waje suka duba dukiya da tarihin masu nema, duk wanda suka yi shakkarsa ba ya wucewa sai aƙalla uku daga cikinsu sun yarda. Kusan mutum 40 suka faɗi a wannan siraɗi. A Mayun 2023 aka kama shugaban kotun ƙolin ƙasar, Vsevolod Kniaziev, bisa zargin karɓar dala miliyan 2.7.

Tsarin bai taɓa zama lafiya ba. A Oktoban 2020 kotun tsarin mulki, wadda wasu alƙalanta ke da matsala da takardun kadarorinsu, ta soke hukuncin yin ƙarya wajen bayyana dukiya, sai da majalisa ta sake dokar.

Albaniya: tankaɗe da rairayar alƙalai

Albaniya ta fara daga inda mafi yawan sauran suka tsallake. A Yulin 2016 majalisa ta gyara tsarin mulki don tantance alƙalai da masu gabatar da ƙara kusan 800 a kan abu uku: dukiya, alaƙa da gungun masu aikata miyagun laifuka, da ƙwarewa. Mai muƙami ne zai nuna halastacciyar hanyar da ya samu gidansa da kuɗinsa, masu sa ido daga Turai da Amurka suna zaune a wurin. Fiye da rabi suka bar aiki, ko an kore su ko sun ajiye kafin a zo kansu, kuma mafi yawan korar a kan dukiya ce. Sabuwar hukumar yaƙi da rashawa, SPAK, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2019, ta tuhumi tsohon firaminista Sali Berisha, ta kama tsohon shugaban ƙasa Ilir Meta a 2024, ta kama magajin garin Tirana, Erion Veliaj, na jam'iyya mai mulki, a 2025.

Kuskuren shi ne ba a tanadi masu maye gurbi ba. Kotun tsarin mulki mai kujera tara ta koma alƙali ɗaya, ta yi sama da shekara biyu ba ta iya zama, ƙararraki sama da 30,000 suka taru a babbar kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya: makarantar horar da alƙalai ya kamata a faɗaɗa shekara biyu ko uku kafin a fara kora.

To, wace za a ɗauka?

Idan abin da ya addabi jama'a na goro ne a titi da ofis, hanyar Jojiya ce, amma rabinta na biyu za a fara da shi: rage lasisi, sa wa'adi, raba ma'aikaci da tsabar kuɗi. Waɗannan ba sa buƙatar korar dubbai, kotu kuma ba za ta iya warware su ba. Kora ta zo a hukuma ɗaya tak, bayan an tabbatar akwai kuɗin sabon albashi da takardun sallama da za su tsaya a gaban alƙali. Tsarin sasantawa da kuɗi kuwa a bar shi har sai kotu ta fara wanke mutane.

Idan ɓarnar a kwangila take, kuma masu gyara ba su da rinjaye, buɗe bayanai ya fi komai araha. Kafin ma a kai ga gina irin ProZorro, akwai dabarar Sulobakiya ta 2011: kwangilar gwamnati ba ta fara aiki a doka sai an wallafa ta a intanet. Jimla ɗaya ce a doka, kuma ɗan kwangila da kansa zai matsa a wallafa don a biya shi. Sharaɗin shi ne a samu 'yan jarida da ƙungiyoyin da za su karanta, su kuma kwana lafiya. A Sulobakiyar nan aka kashe ɗan jarida Ján Kuciak a 2018.

Idan manya ne suka kame gwamnati, babu makawa sai hukuma irin DNA ko NABU, amma jerin aikin ya bi na Albaniya: alƙalai tukuna, ko aƙalla kotu ta musamman a rana ɗaya da hukumar bincike. Yukren ta yi asarar shekara huɗu a wannan giɓi. Kada kuma a dogara da matsin lambar waje fiye da kima, domin ƙarfinsa kafin a shiga ƙungiya yake. Hungari ta shiga Tarayyar Turai a 2004, makinta ya zame daga 55 a 2012 zuwa 41 a 2024, Sulobakiya kuma ta rushe ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a 2024.

A daftarin dokar kafa irin wannan hukuma, sassa uku ne za a fi yi wa karatun ta-natsu: wa ke zaɓar shugaba, wa ke iya cire shi da wane dalili, wa ke iya ƙwace fayil daga hannun mai bincike. Romaniya ta faɗi a na biyu, Jojiya a na farko. Na uku shi aka gwada a Yukren ranar 22 ga Yulin 2025, lokacin da majalisa ta ba babban mai gabatar da ƙara, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, ikon karɓe ƙararrakin NABU. Matasa suka fito da kwalaye a hannu duk da ana cikin yaƙi, Tarayyar Turai ta nuna kuɗin tallafi na iya tsayawa, ranar 31 ga wata aka mai da wa hukumar ikonta. A Nuwamba ta fito da binciken sama da faɗi da kusan dala miliyan 100 a kamfanin makamashin nukiliya na gwamnati, ministoci biyu suka rasa kujerunsu.